Gidan da muka sauka a Famagusta, ga masu ta tambayata

Tunda muka dawo Kaduna wayata bata huta ba, wannan tace Anti ina kuka sauka, wancan yace nawa ne kwana ɗaya, har wata maƙwabciyarmu nan Unguwar Dosa da ɗanta ke shirin tafiya karatu ta biyo ni gida da biro da takarda wai in zauna in faɗa mata komai daga farko. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, na gaji da maimaita zance ɗaya.

Ni da Hajiyarmu muka je bikin yaye autanmu, shekara huɗu yana can Famagusta da ke arewacin tsibirin Saifurus, a jami'ar Eastern Mediterranean, wadda yaran ke kira EMU, kuma duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa leƙa shi daga gida sai dai aike da bidiyo kol. Kwana tara muka yi, ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Yuli. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, daga Abuja jirgin Turkiyya zuwa Istanbul, daga nan kuma wani ƙaramin tashi na kamar awa ɗaya da rabi zuwa filin jirgin Erjan. Dole ne fa sai ka bi ta Turkiyya, babu jirgin da ke zuwa can kai tsaye daga wata ƙasa, saboda ɓangaren arewacin tsibirin Saifurus ɗin da suka ayyana kansu ƙasa a 1983 babu wanda ya yarda da su a duniya sai Turkiyya kaɗai. Ku riƙe wannan maganar don kusan duk wata wahala da duk wata tsada da zan ambata nan gaba, daga nan ta samo asali.

Tun muna gida Auta ya tambaye ni, Yaya otal zan kama muku a bakin ruwa ko irin gidajen nan masu kicin da ake bayarwa na kwanaki. Ni da farko otal nake so, mutum ya biya kuɗin jirgi mai yawa haka ai ya ɗan ji daɗi, sai yace min manyan otal ɗin bakin ruwan da yawansu gidajen caca ne a ƙasansu, kuma suna da nisa da inda yake zaune. Hajiya na jin kalmar caca ta yanke hukunci. Shi ne ya kama mana ɗaki biyu da falo a wani bene mai hawa uku, a wani layi da ke bayan titin Salamis, babban titin da ɗalibai ke kai komo kenan, tafiyar minti goma sha wani abu a ƙafa zuwa ƙofar makaranta. Ba zan faɗi sunan gidan a nan ba don akwai ƙorafin da zan yi, kuma matar ta yi mana kirki, bana son in ɓata mata kasuwa a bainar jama'a.

Abu na farko da ya fara ɓata min rai, babu lif. Mun iso wajen sha ɗayan dare a gajiye tilis, tasi ta kwaso mu daga Erjan kusan minti arba'in da biyar, ga akwatuna huɗu, biyu daga ciki kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da gari, sai ga mu a hawa na uku. Hajiya da ciwon gwiwarta sai da ta huta sau uku a matattakala tana ta salati. Na juya kan Auta nace kai yanzu fisabilillahi baka san tsohuwa zaka saukar ba? Yace shi wallahi bai kawo abin a ransa ba don shi kullum da gudu yake hawa nasu. Amma a nan ne na fara ganin halin mai gidan, wata dattijuwa ce Baturkiyar tsibirin, yaran na ce mata Teyze, wato kamar mu ce Inna. Da safe ta hango yadda Hajiya ke saukowa tana dafa bango, bata ce komai ba, kwana biyu tsakani da na hawa na ɗaya ya tashi sai ta aiko ɗanta ya sauko mana da kayanmu, bata ƙara ko sisi ba alhali na ƙasan ya fi girma.

Ɗakunan kam tsaf. Zanin gado fari wankakke, ana canzawa duk bayan kwana uku, firij yana aiki, kukar gas mai kai huɗu, tukwane dai ƙanana ne irin na masu dafa taliyar mutum biyu, ranar da Hajiya ta tashi tuƙa tuwo sai da aka je aro tukunya wajen wasu yara 'yan Kano, muciya kuwa dama da tamu muka taho. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, ba sai ka sayi adafta ba, gadon Ingila ne don ita ta riƙe tsibirin daga 1878 har 1960. Haka tuƙi ma hannun hagu suke bi, sau biyu Auta na fizgo ni daga bakin titi don ɓangaren da ba shi ba nake dubawa. Hajiya ita abin dariya ya bata, tace ai mu ma haka muke har 1972 da aka koma hannun dama, tana 'yar makarantar firamare lokacin ana ta waƙarsa a rediyo.

Banɗaki babu buta, amma masan nasu yana da wani ɗan famfo a jikinsa ta ciki na tsarki, ka murɗa ta gefe, ni ya min, Hajiya kuwa tace ita ba za'a maida ta ƙaramar yarinya ba, aka yanke mata gorar ruwa. Ruwan zafi daga tankin rufin gida yake zuwa, rana ce ke dafa shi, kusan kowane gida a garin zaka ga farin tanki da faifan sola a samansa, kuma a wannan lokaci na zafi in baka yi hankali ba sai ya saɓule maka fata. Ruwan famfon ba'a sha, wanka da wanke-wanke kawai, na sha sai dai a sayo babbar gora irin ta ofis a ɗora a kan na'ura. Wayfai yana da kyau da safe, da daddare in yaran benen suka dawo suka hau kallo sai ya koma tafiyar hawainiya.

Yanzu ga babban ƙorafina, wuta. A tallan gidan babu inda aka rubuta cewa kuɗin lantarki daban yake. Ashe ranar da ka shiga ɗan matar zai ɗauki hoton mita, ranar fita ya sake ɗauka, a cire a cikin kuɗin ajiyar da ka bayar. Mu kuwa mun baro Kaduna ana tsakiyar damina gari luf, muka faɗa wani irin zafi mai ɗanko, ba irin namu na Maris da Afrilu ba da in ka shiga inuwa ka tsira, wannan gumi ne kawai ke tsatstsafo maka ko kana zaune, kuma ko ɗigon ruwan sama babu, su da rani basa ganin ruwa sai hunturu. To esi biyu muka kunna dare da rana, ga wutar bata cika ɗaukewa ba, a kwana taran nan sau ɗaya ta ɗan tafi, mutumin da ya saba da a kawo a ɗauke ai sai ya saki jiki. Ranar tafiya ɗan Teyze ya nuna min lissafi a waya sai da na zauna. Fiye da rabin kuɗin ajiyar ya tafi. Na ce masa ai da sai ka faɗa tun farko, yace kowa ya sani haka ake yi a nan. Kowa ɗin wa? Auta ma ya sani, bai ga dalilin faɗa ba don a wajensa abu ne da aka saba. Ba cuta ba ce, mitar na gani da idona, amma rashin faɗar ya min ciwo, da na sani ai da na falon sai mu riƙa kashewa in zamu fita.

Kuma kuɗin gidan da fam na Ingila ake faɗa, ba da lira ba duk da lirar Turkiyya ce kuɗin kashewarsu. Lirar ce kullum cikin faɗuwa, shi yasa masu gidaje suka gudu suka laɓe a bayan fam, kai kuma ɗan Najeriya da nairarka kana tsakiya ana ja ta ko'ina. Shi yasa ma bazan rubuta adadi a nan ba, kafin ki gama shiri ya canza, ki tambaya a lokacin kuma ki ce a rubuto miki da wuta da ruwa da kuɗin shara duka. Hayar ɗalibai ma haka take, da fam, kuma yawanci sai ka ba da na watanni a dunƙule ga kuɗin ajiya ga na dillali. Ni da ina zargin Auta da almubazzaranci duk sanda ya kira yace kuɗi sun ƙare, sai da na shiga kanti da kaina na ga kuɗin kaza da na shinkafa, na leƙa shagon kayan Afirka na ga yadda ake sayar da manja kamar turare, a raina nace Allah ya yafe min.

Wannan shi ne ainihin abin da yasa nake cewa gidan nan ya biya kuɗinsa duk da abin da ya faru. Da otal muka sauka da mun dawo da hotunan bakin ruwa kawai. Amma da yake a tsakiyar yaran muke, ƙofarmu bata rufuwa, tun ranar da ƙamshin daddawa ya bi matattakala labari ya zaga cewa Maman wane ta zo, sai ga su nan, 'yan Kano, 'yan Katsina, wata yarinya 'yar Barnawa, har da wani Bayarabe da wani ɗan Kamaru mai jin Fulatanci, kowa Mama sannu da zuwa, Mama ya hanya. Ranar tuwo miyar kuka mutum goma sha ɗaya na ƙirga a falon nan, wani yana ci yana share ƙwalla yana cewa yaji ne. Teyze bata taɓa ɗaga mana murya a kan taron ba, sharaɗinta ɗaya, bayan sha ɗayan dare a rage hayaniya. A wajen cin tuwon nan na ji abubuwan da ba'a faɗa wa iyaye a waya. Wanda ejan ya ce masa Turai zai kai shi, yana zuwa zai samu aiki ya riƙe kansa, ya iso ya tarar aikin sai wankin kwanuka ko gini da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi ma in an biya. Wanda ya ɗauka daga nan zai tsallaka Jamus a mota. Wanda ya daina zuwa aji shekara guda don bashin kuɗin makaranta, gida basu sani ba. Dama a 2020 hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje ta Abike Dabiri ta taɓa jan kunnen iyaye kan tura yara can, mu a Kaduna maganar ta zaga sosai lokacin. Ni dai abin da na gani, mai zuwa karatu da kuɗinsa a ƙasa kuma ana bibiyarsa yana karatunsa lafiya lau, makarantar babba ce tun 1979 take, ta zama jami'a a 1986, amma wanda aka tura da kuɗin zango ɗaya da addu'a to an jefa shi a ruwa.

Garin kansa ƙarami ne, wanda ya saba da cunkoson Kasuwar Bacci ko Kawo da yamma zai ga kamar an yi shara. In ka cire ɗalibai ban san me zai rage ba, shagunan titin Salamis ɗin nan duk don su aka buɗe, wajen shawarma, wajen aski, wajen canjin kuɗi, wajen buga takardu. Makarantar na da bas ɗinta na ɗalibai, mu baƙi kuwa tasi ce kuma tana da tsada, gara ka taka in rana ta yi sanyi. Giya a fili ake sayarwa a kowane kanti kusa da lemo, mutanen Musulmi ne amma ba irin riƙon da muka sani ba, kar ki je da zaton Madina zaki. Babu dai wanda ya taɓa yi mana kallon banza don hijabi. Kyanwa kuwa kamar su suka kafa garin, ko'ina suna kwance sun yi ɓul-ɓul.

Sallah sai an kula. Magariba sai wajen takwas na dare, isha kusan goma, asuba kafin huɗu, daren kamar an gutsure shi. Ranar farko Hajiya ta shimfiɗa darduma ta kalli inda rana ke fitowa ta tada kabbara, Auta ya jira ta sallame yace Hajiya ai nan alƙibla kudu take, ɗan karkatawa kaɗan. Tace kai tafi can, tun kafin a haifi ubanka gabas ake kallo. Sai da ya nuna mata taswira cewa Makka tana ƙasa da mu yanzu sannan ta yarda ta sake, tana ta mita wai ƙasar da gabas ɗinta ma a kudu take. Wannan ma ƙorafi ne ƙarami, da sun manna 'yar alama a silin kamar yadda otal ɗin Saudiyya ke yi.

Daga gidan zuwa tsohon gari minti kaɗan ne a mota, kuma nan ne na fi so. Ganuwa ce ta dutse ta zagaye shi, mai kauri har sama ana tafiya a kanta, mutanen Benis na Italiya ne suka ƙarfafa ta don tsoron Turkawa, duk da haka bayan kusan shekara guda ana kewaye da su garin ya faɗi a 1571. A tsakiya akwai masallacin Lala Mustafa Pasha, sunan kwamandan da ya ci garin kenan. In ka hango shi daga nesa rantsuwa zaka yi coci ne, don cocin ne asali, an fara gina shi a 1298, da Turkawa suka karɓa suka ɗora masa hasumiya guda a gefe suka shimfiɗa darduma. Mun yi Juma'a a ciki, rufin can sama ƙololuwa, sanyi kamar an kunna esi, sahun ma a ɗan karkace yake don ba don alƙibla aka yi ginin ba. A ƙofarsa akwai wata ƙatuwar bishiya da suke cewa tun lokacin ginin aka dasa ta, sama da shekara 700, mai yi wa Turawa bayani yana ta zuba, Hajiya ta ɗaga kai ta kalli 'ya'yan da ke manne a jikin reshe tace yo wannan ai ɓaure ne. Kuma shi ɗin ne.

Haka ta yi ta gano 'yan uwa a abincinsu. Teyze ta kawo mana wata miya wai molohiya, ɗanɗanawa ɗaya Hajiya tace lalo ne, sun dai busar da shi sun sa lemon tsami basa barinsa ya yi yauƙi. Wani abu wai kolokas, gwaza. Ayran, nono ne da gishiri. Sai cukunsu hellim da ake gasawa baya narkewa, kamar awara mai gishiri yana ƙara a haƙori, shi kam na so shi. Tsofaffin nan biyu babu mai jin yaren wata amma kullum da yamma suna baranda, ɗaya da kofinta ɗan mitsitsi ɗaya da goro, Auta na tsakiya yana tafinta da guntun Turkancinsa. A nan muka ji ita ma ba 'yar garin ba ce, daga kudu iyayenta suka taso tana budurwa bayan yaƙin 1974, lokacin da Turkawan kudu suka yo arewa Girkawan arewa suka yi kudu, kowa ya bar gidansa.

Washegarin jin wannan labarin muka je Marash, wadda Girkawa ke kira Barosha, tana manne da garin. Unguwar manyan otal ce ta bakin ruwa da a da masu kuɗin duniya ke zuwa hutu, a 1974 mutanenta suka gudu sojoji suka zagaye ta da waya, sai a Oktoban 2020 aka buɗe wani ɓangare. Shiga kyauta ne, ana ba da hayar keke, titin an gyara amma an ja igiya gefe da gefe ba'a shiga gidajen. Benaye ne jere babu ƙofa babu taga, bishiyoyi sun fito ta cikin falon mutane, allunan shaguna na nan da rubutunsu. Ni masaƙun Kakuri suka faɗo min, yadda ciyawa ta cinye inda dubban mutane ke cin abinci. Hajiya bata ce komai ba sai da muka fito, tace mu 'yan Kaduna ai ba sai an yi mana bayanin yadda gari ke rabewa biyu ba, kowa ya san wanda ya sayar da gidansa ya tsallaka gada. Ta so ƙwarai a kai ta kabarin sahabiya Ummu Haram da ke kusa da Larnaka, don malaminsu na Islamiyya ya taɓa basu tarihin rasuwarta a Ƙubrus, wato Saifurus ɗin nan, amma yana ɓangaren kudu, mu da muka shigo ta Erjan da koren fasfo babu hanya. Tafiyar da bata fi awa ɗaya ba.

Teku kuwa, ku je da sassafe in da tsohuwa kuke, kafin masu tsiraici su fito. Mun je Glapsides bayan asuba, ruwan garau kana ganin yatsunka, kuma sai ka yi ta tafiya ciki bai wuce gwiwa ba. Hajiya da iyakacinta kogin Kaduna ta kan gada ta tsaya tana neman tsallaken, ta ɗebo ta ɗanɗana ta tofar. Kangon Salamis na gaba kaɗan, ginshiƙai da filin wasan Rumawa, ni dai rana ta hana ni jin daɗinsa, duwatsu ne.

In maki ne zan ba gidan bakwai cikin goma, ɗaya na cire don wutar da ba'a faɗa ba, ɗaya don matattakala, ɗaya don wata mashaya da ke layin gaba da ke saka kiɗa daren Juma'a da Asabar har ƙarfe biyu, ɗakin da ke kallon titi ba'a barci. Mai zuwa ya nemi hawa na ɗaya ta baya, ya ɗauki hoton mita da wayarsa shi ma, ya taho da babbar tukunya in da hali. Ranar da zamu tafi Teyze ta cusa wa Hajiya hellim ƙulli uku da busasshen lalonsu a jaka, Hajiya ta bar mata sauran yajin da muciyar. Auta ya kira Teyze shekaranjiya, wai yajin ta zuba cokali guda a miya, kwana biyu bata sake shiga kicin ba.